Tarikar Makaɗi: Waiwaye a Kan Gurmin Haruna Uji

Idan attajiri ya riga mu gidan gaskiya, aka yi masa sutura, aka share makoki, to abin da ya bari ba ya wuyar lissafi, domin malaman mirasi za su zauna su fitar da bashi, su zartar da wasiyya, sa'an nan su ba kowane magaji rabonsa gwargwadon yadda shari'a ta ƙaddara, har gona da rumbu da tufafin sawa kowanne ya san hannun da zai faɗa. Amma idan makaɗi ne ya rasu, irin wanda Allah ya hore wa baiwa har sunansa ya ƙetare ganuwar garinsu, galibin tarikarsa ba ta shiga wannan lissafi, saboda wani sashe nata yana cikin kunnuwan jama'a, wani yana kan faifai, wani kuwa, wanda shi ne mafi tsada, yana cikin yatsunsa, kuma tare da shi ake rufe shi a ƙasa in ba a yi hanzarin karɓa ba tun yana numfashi.

Wannan tunani ne ya sa na ga ya kyautu mu waiwayi marigayi Alhaji Haruna Uji, mutumin Haɗeja, wanda duk faɗin ƙasar Hausa ba a ambaton gurmi sai an ambace shi, kamar yadda ba a zancen kuntigi sai an tuna da Ɗanmaraya Jos, ko zancen kukuma sai an tuna da Garba Supa da Ahmadu Doka. Shi gurmi, ga wanda bai taɓa riƙa shi ba, abu ne da ido zai raina: ɗan ƙoƙo ne aka rufe bakinsa da fata, aka soke shi da siririyar sanda mai tsawo, aka ɗaura masa tsirkiya biyu ko uku, kuma a da can an fi saninsa a fagen kokawa, inda ake zuga samari da shi da kaka bayan an kawar da amfanin gona. Uji yana sahun gaba cikin waɗanda suka ɗauko shi daga wannan fage suka kai shi gidan rediyo da faifai da zauren manya. Ya yi waƙoƙin bege da shi, irin su Jummai, ya wasa masu alheri, ya yi nasiha da ba'a, kuma duk wanda ya saurare shi da kunnen basira zai lura cewa sau da yawa gurmin ne ke yi masa aikin da 'yan amshi ke yi wa wasu, watau ya jefa magana, tsirkiya ta ba shi amsa, ya ja numfashi, ita ta ci gaba da zance har ya dawo.

Mu da muka tashi a wannan yanki na Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu tun ana kiranmu mutanen jihar Kano, mun san zamanin da Dutse take ƙaramin gari a gindin duwatsu, wanda baƙo ya fi saninsa da dabino da fadar Garu, kuma a wancan zamani hanyar jin makaɗi biyu ce rak: ko dai ya zo da kansa wurin biki ko kamun kasuwa, a shimfiɗa tabarmi, a kunna fitila, a kwana ana kari, ko kuwa a jira shi a akwatin rediyo, in Kaduna ko Kano ta ga dama ta saka shi a filin zaɓe da gaishe-gaishe. Daga bisani kaset ya shigo, masu sayar da shi suka kafa rumfuna a tasha da kasuwanni irin su Shuwarin da Gujungu, direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri suka mai da muryar Uji da ta Shata abokan tafiyar dare. Ran 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga Kano, jihar da yau ta ƙunshi masarautu biyar, Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, ta mai da Dutse babban birni. Ma'aikata suka kwararo, aka share tituna, aka gina ma'aikatu da gidan rediyon jiha, mutumin Haɗeja ya zama ɗan gida a Dutse ta fuskar hukuma kamar yadda tun da yake ɗan gida ta fuskar kunne. Uji ya ga farkon wannan sabon zamani, ya rayu cikinsa gwargwadon abin da Allah ya ɗiba masa, sa'an nan ya cika a farkon shekarun 2000, ba da nisa ba bayan rasuwar Alhaji Mamman Shata, wanda ya riga shi ran 18 ga Yuni 1999.

To, yanzu da shekaru suka tura, mene ne ya saura? Abu na farko, kuma wajibi ne mu gode wa Allah a kansa, shi ne murya ba ta ɓata ba. Bal ma ana iya cewa yau ta fi jiya yaɗuwa, domin yaron da aka haifa bayan rasuwar Uji, in ya je rumfar masu tura waƙa a waya a kasuwar Dutse, da ɗan kuɗi kaɗan za a cika masa memori da abin da kakansa sai ya yi wata yana dakon rediyo kafin ya ji rabinsa. Sai dai wannan adanawa ta tsautsayi ce, babu wanda ya shirya ta, kuma alamun haka a bayyane suke: waƙa ɗaya ta bi ta hannu goma, daga faifai zuwa kaset, daga kaset zuwa wani kaset, daga nan zuwa waya, har amon tsirkiyar ya dusashe, an yanke farkonta ko ƙarshenta, babu mai gaya maka shekarar da aka yi ta, ko wurin da aka ɗauka, ko wane ne mutumin da ake wasawa a ciki da dalilin wasa shi, wani lokaci ma a liƙa mata sunan wani makaɗi dabam. Malamanmu sun koya mana cewa riwayar da sanadinta ya yanke darajarta takan ragu komai daɗin lafazinta, ga shi kuwa mun bar taskar makaɗanmu tana yawo ba sanadi. Akwai kuma mas'alar haƙƙi, wadda ta fi wannan nauyi a ranar hisabi: dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, amma a aikace kowa na cin moriyar muryar mamaci, mai rumfa da mai ɗora ta a intanet, ban da iyalin da ya bari, alhali kuwa dukiyar marayu ba abar wasa ba ce.

Abu na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ya tayar da wannan rubutu, shi ne hannu, watau sanin yadda ake zaɓen ƙoƙo da fata, da yadda ake ɗaure tsirkiya a daidaita ta har ta yi magana, da yadda yatsa ke sauka a sanda, da lokacin da ake sassautawa da lokacin da ake tsanantawa. Irin wannan ilmi faifai ba ya koyar da shi sai kaɗan. A tsarinmu na dauri hanyarsa ɗaya ce, yaro ya zauna a gaban gwani, ko ɗansa ne na cikinsa, wanda ake kira ɗan gado, ko bara ne da sha'awa ta kawo shi, ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana amshi, yana satar kallon yatsun maigida, kafin a sallame shi ya ci gashin kansa. Da wannan tsari gidajen makaɗan fada suka daɗe, kuma da shi ne 'ya'yan Musa Ɗanƙwairo suka ci gaba da kotso bayan rasuwarsa a 1991, Nasiru ɗan Garba Supa ya riƙe kukumar mahaifinsa. Amma wannan silsila ta yi rauni ƙwarai, kuma dalilan rauninta ba ɓoyayyu ba ne. Al'umma ta daɗe tana son kiɗa tana raina makaɗi, tana kiran sana'arsa roƙo, har makaɗin da kansa yakan fi son ɗansa ya zama malami ko ma'aikaci. Makarantar boko ta ɗauke yaran da a da suke bin iyayensu yawo. Tarukan dare sun ragu. Sa'an nan, wajen ƙarshen shekarun 1990, finafinan Hausa suka buɗe kasuwar waƙar sitidiyo a Kano, inda mai fiyano guda yake zaune a ɗaki yana fitar da amon kalangu da na ganga da na sarewa daga akwati ɗaya, ba tare da an ciyar da ƙungiya ko an yi mata hayar mota ba. Ba na cikin masu cewa waƙar Hausa ta mutu, domin mai faɗin haka bai yi adalci ga fasihan zamani ba, kuma masarautar Dutse kanta ta shaida fasaharsu da ta naɗa Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, Sarkin Waƙarta. Harshe yana nan da kaifinsa. Kayan kiɗan ne da masu sarrafa su suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba a lura ba.

Wanda yake son ya ga ƙarshen irin wannan sakaci ba sai ya bar Jigawa ba. A Birnin Kudu, cikin duwatsun da ke da zanen dabbobi na mutanen farko, akwai wasu duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su da ƙaramin dutse sukan yi ƙara kamar ƙarfe, kowane gurbi da irin muryarsa. A 1955 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya lura da su, ya bayyana su ga duniya a shekarar da ta biyo, daga nan aka shiga gano irinsu a wasu ƙasashe. Guraben da hannuwa suka lotsa saboda yawan bugu suna nan har gobe, kuma ba a lotsa dutse da bugun shekara ɗaya ko biyu, lalle tsara bayan tsara ce ta yi ta kiɗa a wurin. Abin kiɗan ya tsira sarai, ya ma fi kowane gurmi ƙarko, amma taken da mutanen farko suka buga a kansa ya tafi tare da su.

Bari mu leƙa wata al'umma mu ga yadda take yi da tarikar gwanayenta, ba don sun fi mu baiwa ba, sai don sun fi mu tattali. Ran 1 ga Satumba 2018 wani baƙar fatar Amurka mai suna Randy Weston ya rasu a birnin Niyok yana da shekara 92, bayan ya shafe rayuwarsa yana kaɗa fiyano a salon da ake kira jaz, kiɗan da jikokin bayi suka ƙaga a can, wanda ginshiƙinsa shi ne makaɗi ya ɗauki take sananne ya yi ta sarrafa shi nan take gwargwadon abin da zuciyarsa ta ba shi, kusan yadda namu suke yi a fage. Wannan mutum ya yi imani cewa asalin kiɗansu daga Afirka yake, kuma bai tsaya ga faɗa da baki ba: a 1960 ya ɗauki faifan Uhuru Afrika don taya ƙasashen da ke samun mulkin kai murna, a 1961 ya zo Ikko, ya sake dawowa a 1963, ya halarci bikin FESTAC a 1977, kuma daga ƙarshen shekarun 1960 ya tare a Maroko, ya buɗe gidan kiɗa a Tanja, garin Ibn Batuta, ya durƙusa gaban malaman kiɗan Ginawa yana ɗaukar karatu. Su Ginawan nan kuwa zuriyar mutanen ƙasashenmu ne na Sudan da aka ƙetara da su Sahara, kuma babban abin kiɗansu, mai tsirkiya uku da rufin fata, duk wanda ya san garaya da gurmi in ya gan shi zai gane dangi ne. Abin lura a nan shi ne, fiyanon da ya shigo mana ya sallami makaɗan gargajiya, shi ne wannan bawan Allah ya ɗauka ya yi shekara da shekaru yana ƙoƙarin koya masa maganar ganga da tsirkiya.

Da ya rasu, mutanensa ba su tashi da neman inda za su fara ba, domin an riga an gama aikin tun yana da rai. Ya ba da tarihinsa da bakinsa an buga shi littafi a 2010. Jami'ar Harvard ta karɓi takardunsa da hotunansa da faya-fayansa ta killace. Kowane faifai nasa an san ranar ɗaukarsa da sunan duk wanda ya busa ko ya buga a ciki. An rubuta takensa a takarda yadda ɗalibi a kowace ƙasa zai iya karantawa. Uwa-uba kuma akwai mutanen da suka yi shekaru suna kiɗa a bayansa, waɗanda yanzu su ne ke koyarwa. Shi kansa haka ya samu, domin a ƙuruciyarsa ya lizimci gidan wani gwani da ya gabace shi, Thelonious Monk, yana zaune yana saurare. Da Monk ya rasu a 1982 kuwa, ba a yi shekara biyar ba aka kafa cibiyar koyar da matasa da sunansa. Ashe hanyar da suka bi ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce dai ta zaure, ta ɗalibi a gaban malami har ya sami ijaza, illa iyaka su sun ƙara mata rumbun ajiya da alƙalami da kuɗin ciyar da ɗalibi.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasa mai arziki, domin maƙwabtanmu na Nijar sun gwada, kuma da gwanin gurmi suka gwada. Malam Maman Barka, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi da waƙoƙin Hausa, kuma ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai. Da aka lura cewa biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar mai siffar kwalekwale na Buduma masuntan tafkin Chadi, ya kusa ƙarewa har saura tsoho guda da ya iya shi, mai suna Bukar Tar, sai a 2002 hukumar UNESCO ta ɗauki nauyin Barka, ya bar birni ya tafi bakin tafki ya zauna wurin tsohon nan har ya karɓi abin da ke hannunsa, daga bisani ya ɗauki biram a faifai, ya zagaya ƙasashe da shi kafin rasuwarsa a Nuwamba 2018. Da an yi jinkirin 'yan shekaru da ba a tarar da kowa ba.

Adalci ne kuma mu ambaci abin da namu masanan suka yi, don ba a zaune suke ba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata tun 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan digirin girmamawa a 1988. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihinsa, Shata Ikon Allah, a 2006. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu cikin littattafai masu yawa, waɗanda ba don su ba da an yi hasarar da ba ta misaltuwa. Sai dai galibin wannan hidima ta tafi ne ga lafazi, saboda sassan nazarin Hausa adabi suka gada, suna ƙirga ɗiyan waƙa, suna fitar da jigo da salo, kiɗan kuwa a ambace shi a layi biyu a wuce. Ga makaɗi irin Narambaɗa, wanda nauyin fasaharsa ke kan magana, wannan ya ɗauko mafi yawa. Ga Uji kuwa, wanda rabin zancensa tsirkiya ce ke yinsa, rubuta baitocinsa kaɗai ɗaukar rabin amana ne.

Na san akwai ɗan'uwa mai tsoron Allah da zai ce kiɗa lahawu ne, bai cancanci a ɓata tawada a kansa ba. Saɓanin malamai a kan wannan mas'ala tsoho ne, fatawa kuma tana da ma'abotanta. Abin da kawai zan tuna masa shi ne, cikin waƙoƙin nan akwai sunayen garuruwa da sarakuna da fatake da sana'o'i, akwai Hausar Haɗeja da ta Gumel yadda tsofaffi suka furta ta, akwai labarin yadda talaka ya ji da zamaninsa, wanda ba a rubuta shi a kundin kowace hukuma ba. Kuma al'ummar da ta yar da shaidar abin da ta kasance, ko mai wa'azi ba zai san daga inda zai kamo ta ba.

Saboda haka kirana yana ga waɗanda abin ke hannunsu. Yau Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse tun 2011, tana da Jami'ar Sule Lamiɗo a Kafin Hausa tun 2013, tana da gidajen rediyo da hukumar kula da tarihi da al'adu, tana da fadoji biyar da har yanzu ake buga tambari da busa kakaki a ƙofarsu. Ya kamata a bi gidajen rediyon Kaduna da Kano da rumfunan tsofaffin masu kaset a tattaro mafi kyawun abin da ya saura na Uji da takwarorinsa, a tsabtace shi, a rubuta wa kowace waƙa sanadinta tun masu sani suna raye, a kuma shigar da iyalinsu cikin duk wata fa'ida da za ta fito. Ya kamata jami'o'in nan su ɗauki tsofaffin makaɗan gurmi da garaya da kukuma da algaita a matsayin malamai masu albashi, ko da ba su taɓa riƙe alli ba, a ba su ɗalibai da lokaci, a ɗauki hoton yatsunsu suna aiki, ba muryarsu kaɗai ba. Kai kuma mai karatu, in ka san wani dattijo a ƙauyenku da gurminsa ke rataye a bango don ba mai nema, to kada ka jira gwamnati: ka kai masa ziyara da goronka, ka tafi da yaro mai sha'awa da wayar ɗaukar hoto, kuma ka yi haka bana, domin ba ka da tabbacin samunsa baɗi. Allah ya jiƙan Alhaji Haruna Uji da sauran magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amana.